Mama ta rasu kafin in aika kuɗin magani, har yau na kasa cin Jibin Ubangiji

Maman Tagwaye: Salama a gare ku 'yan'uwa cikin Ubangiji. Ku yi haƙuri da tsawon magana. A daminar 2019 Mama ta kwanta ciwo a ƙauyenmu ta wajen Malumfashi, ni ina Kaduna. Ƙanena ya kira ya ce in aiko kuɗin asibiti. Lokacin na ɗauki adashin da na shekara ina zubawa don sayen keken ɗinki, har na ba mai keken rabi, maigidana ba aiki tun da aka rufe inda yake gadi, tagwayen ba su daɗe da yaye ba, mai gidan haya kuma kullum yana bakin ƙofa. Na ce su saya mata maganin zazzaɓi a kemis tukuna, ƙarshen wata zan aiko. Ba ta kai ƙarshen watan ba.

Abin da ƙanena ya faɗa mini gaban mutane ranar jana'iza ba zan rubuta ba. Tun ranar ba ma magana. Na yi azumi, an yi mini addu'a a Zumuntar Mata. Na san Allah yana gafartawa, ni ma haka nake koya wa yara a makarantar Lahadi. Amma in an zo Jibin Ubangiji, wato lokacin da ake raba gurasa a coci don tunawa da mutuwar Yesu, sai in miƙa farantin gaba. Barci ma ba na samu. Yaya zan yi?

Baba Dattijo: 'Yata, zan faɗa miki gaskiya. Kin roƙi gafara? Kin roƙa. To 1 Yohanna 1:9 ta gama magana: in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne, zai gafarta. Wadda ta ci gaba da hukunta kanta bayan haka tana cewa jinin Yesu bai isa ba ne. Dauda ya yi azumi yana kwance a ƙasa muddin yaronsa yana da rai. Da yaron ya mutu, ya tashi ya yi wanka, ya shiga gidan Ubangiji, ya ci abinci. Duba 2 Sama'ila 12. Sauran aiki ɗaya ne, Matiyu 5:23-24: ki bar baikonki a gaban bagade, ki je ki shirya da ɗan'uwanki. Ki shiga mota wannan Asabar.

Uwar Biki: Baba, da girmanka, amma me ya sa kullum mace ce za ta je ta durƙusa? Shi ƙanen yana zaune da Mama, ba shi da akuya ko buhun masara da zai sayar? Ni da babanmu ya kwanta a Zonkwa ni kaɗai na biya komai, har ƙarin jini. Da aka zo rabon gona aka ce mace ba ta da kaso. Yayyena suna zama a kujerar gaba a coci har yau, ba wanda ya ce su je su shirya da ni. 'Yar'uwa, kada ki je ko'ina.

Maman Tagwaye: Baba, na gode, amma ban ce jinin Yesu bai isa ba. Kuma ba ƙin Mama na yi ba, ba wanda ya gaya mini ciwon ya kai haka. Da ban sayi keken ba da me yaran nan za su ci? Zakka mai karɓar haraji ya ce wa Yesu zai mayar ninki huɗu domin waɗanda ya cuta suna da rai. Ni wa zan mayar wa?

Nas Mai Ritaya: Ƙanwata, rashin barcin nan ya fi damuna. Baƙin cikin da ya kai shekaru yana hana barci, ciwo ne da ake dubawa a asibiti, kuma ganin likita bai hana addu'a ba. Ba ki faɗa mana abin da aka ce yana damun Mama ba. Akwai ciwon da ko an kai kuɗin a ranar, sai abin da Allah ya yi.

Baba Dattijo: Ba ƙwayar da ke wanke lamiri. Bitrus ya yi musun Ubangiji sau uku, ya fita ya yi kuka mai zafi, amma ya koma cikin 'yan'uwa, Yesu ya ba shi kiwon tumaki. Yahuza da ya ci amanar Yesu ya tafi da nadamarsa shi kaɗai, ƙarshensa ya rataye kansa. 'Yata, ware kanki daga teburin Ubangiji hanya ce mai haɗari. Na ce ki je gida.

Nas Mai Ritaya: Haba Baba, mai wannan hali ba a kawo mata zancen Yahuza.

Maman Tagwaye: Asibiti kuɗi ne, Anti. Gida kuma, a Kirsimetin 2021 na aika wa matar ƙanena atamfa, aka dawo mini da ita. Ba ku san shi ba ne. Fastonmu ma bai san zancen nan ba, kuma ba na so ya sani, matarsa tana kawo mini ɗinki.

Uwar Biki: Kin gani ko? Irin halin yayyena ke nan. Baba, ka amsa mini maganar gonar tukuna.