Gida ɗaya za a rubuta mu ko biyu?

Wata 'yar uwa daga Gadarif, Sudan:
Assalamu alaikum jama'a. An ce 'yan lajnar (kwamitin) unguwarmu za su zaga gida-gida rubuta mabuƙata saboda rabon tallafi. Mijina ya rasu ya bar ni da yara, da sana'ar kisra (gurasar dawa) nake riƙe su. Tun ɓarkewar yaƙi a Afrilun 2023 ƙanena ya taso daga Hartum da iyalinsa, suna rakubar (rumfar) tsakar gidana. Maƙwabciyata ta ce in ɓoye firij, in ce babu namiji a gidan. Don Allah da me gwamnati ke gane talaka? Kuma mu gida ɗaya ne ko biyu?

Tsohon malamin makaranta, Mai Wurno:
Wa alaikumus salam 'yata. Ƙiyasin talauci daban, rubuta sunayen rabo daban. Wajen ƙiyasi, hukumar ƙididdiga ba ta shiga kowane gida. Wasu gidaje take tsama daga kowace jiha, ta tambayi abin da suka ci da abin da suka kashe, har hatsin da suka noma suka ci ana yi masa kuɗi. A binciken 2009 an lissafa kuɗin abincin da zai riƙe mutum, aka ɗora na sauran buƙatu, ya kama kusan fam 114 na Sudan a wata ga kowane kai. Wanda bai kai nan ba shi ne talaka, aka samu kashi 46.5 cikin ɗari. Na 2014 zuwa 2015 ya ba da kashi 36.1. Yau fam 114 ko shayi ba zai saya miki ba, kuma yaƙi ya birkita lissafin gaba ɗaya. Abin lura dai, kawuna ake ƙirgawa: yawan bakunan da ke ci a gidanki hujja ce a gare ki.

Wata da ta taɓa aikin rubuta sunaye, Kassala:
Yaya, tukunya muke tambaya. In girki ɗaya kuke yi, gida ɗaya ne. In matar ƙanenki na ɗora nata daban, biyu ne, ko da ƙofa ɗaya kuke shiga. Firij kuwa ki bar shi inda yake. Mai rubutu na kallon rufin ɗaki, inda kuke samun ruwa, ko yara na zuwa makaranta, sannan ya tambayi maƙwabta. Ranar da aka gano an ɓoye abu, sauran maganarki ma ba za a yarda da ita ba. Marayu na cikin waɗanda Diwanin Zakka ke kula da su, don haka ki ajiye takardar rasuwar maigidan kusa.

Wani ɗan uwa, Damazin:
Ku nemo rakam watani (lambar ɗan ƙasa) na kowa, har yara. Lokacin shirin tallafi na Samarat a 2021, da aka yi niyyar bai wa kashi 80 cikin ɗari na jama'a kwatankwacin dala 5 ga kowane kai a wata, da shi aka yi rajista. Shirin ya tsaya bayan juyin mulkin Oktoban shekarar.

Wata inna, Gadarif:
Ni shawarata ƙanenki ya je ya yi rajista a matsayin ɗan gudun hijira. Sau da yawa jerinsu daban ne da na 'yan unguwa, wanda ke zaune gidan dangi kuma shi ake mantawa.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Tukunyarmu ɗaya ce. Takardun yaransa ne suka baro a Hartum, gobe zai je ya ji yadda ake fitar da wasu.