Don Allah a taimaka, homotofi da sifektiram sun rikita ni

Mai tambaya: Salam 'yan uwa. Ina aikin digiri na biyu ne a lissafi, malamina ya ce in je in karanta abubuwan sifektiram (jerin lambobin eigen na ofareta kamar Laplace) da ba sa canjawa a ƙarƙashin homotofi (miƙa ko lanƙwasa siffa a hankali ba tare da an yage ta ba), to na ɗauki da'ira mai tsawon L na lissafa lambobin Laplace ɗinta suka fito (2πk/L)², inda k cikakkiyar lamba ce, ina ƙara tsawon suna ta raguwa, alhali a homotofi ai da'ira da'ira ce ko babba ko ƙarama. To me ya rage da bai canja ba? Wallahi sati biyu ke nan ina kai, kuma ina jin nauyin komawa wajen Malam hannu rabbana.

Amsa ta farko: Ƙanena kwantar da hankalinka, lissafinka daidai ne. Koma kan takardar ka sa yatsa a kan k=0. Ka ja da'irar yadda ka ga dama, sifilin nan yana nan daram, kuma sau ɗaya yake fitowa. Abin da ka'idar Hodge ke faɗa ke nan, a rufaffen manifol (siffa mai santsi marar baki, kamar da'ira) yawan fitowar sifili a Laplace na kowane mataki shi ne lambar Betti, wato mai ƙirga ramukan siffar a wannan mataki, ita kuwa ba ruwanta da ma'aunin nisa. Sauran lambobin duk na ma'auni ne.

Amsa ta biyu: Gaskiya ne, amma ka yi hattara kafin ka kai kan eta na Atiyah, Patodi da Singer na 1975, wato lambar da ke auna rashin daidaito tsakanin ɓangaren sifektiram na sama da sifili da na ƙasa da shi, nan mutane ke zamewa. Eta yana bin ma'auni, amma bambancin da ke tsakanin eta da aka murɗa da wakilcin rukuni da wanda ba a murɗa ba, wanda ake kira rho, ba ya bi, sai mutum ya ɗauka shi ke nan ya zama na homotofi. A'a! Ka ɗauki sararin lens (wasu rufaffun manifol masu daimenshon uku) L(7,1) da L(7,2), homotofinsu ɗaya amma ba abu ɗaya ba ne, kuma rho yana raba su. Rukuninsu na tushe (fundamental group) Z/7 ne, wannan torshon ɗin, wato memba ya koma sifili in an maimaita shi sau bakwai, shi ke ɓata zancen. In rukunin ba shi da torshon ne ake samun sakamako irin na masanin lissafi Keswani, cewa rho ba ya canjawa a ƙarƙashin homotofi, shi ma da sharaɗin rukunin ya cika hasashen Baum-Connes.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. To Yaya da wanne zan fara?

Amsa ta biyu: Hodge tukuna, ka maimaita lissafin a kan toros (siffar tayar mota) da hannunka har ka ga lambobin Betti 1, 2, 1 sun fito, sannan lens. Shi za ka nuna wa Malam.