Jarabawa ko takardar oga, wace ce ke gyara aikin gwamnati?

Na_Mabera:
Salam jama'a. Kullum ana cewa in anka ɗauki ma'aikata bisa cancanta, a yi jarabawa a yi intabiyu, gwamnati za ta gyaru. Da gaske wannan na canja wani abu ko dai zancen 'yan boko ne? Don ƙanena ya gama digiri ya yi bautar ƙasa, amma duk inda ya kai takardu sai a ce wa ya turo ka, wai silot ya ƙare.

Tsohon_akawu:
Wa'alaikumus salam ɗana. Yana canjawa mana. Wanda ya iya aiki in fayil ya zo tebur ɗinsa zai karanta, ya rubuta minit layi uku, ya miƙa gaba kafin azahar. Wanda anka cuso kuwa sai fayil ɗin fanshon bawan Allah ya yi ta shan ƙura a durowa, ba ma don mugunta ba, bai san abin da zai rubuta ba kuma yana jin kunyar tambaya. Abin da ya fi ɓata aiki ma shi ne ba ya shakkar darakta ko kaɗan, uban gidan da ya kawo shi kawai yake tsoro, ka ba shi kwiri, wato takardar tuhuma, ya tafi ya kai ƙararka. Amurka ma haka suke da, sai da wani da ya nemi muƙami bai samu ba ya harbe shugaba Garfield a 1881, sannan a 1883 sunka yi dokar ɗaukar aiki ta jarabawa.

Yar_Wurno:
Baba na yarda, amma fa in aka ce jarabawa zalla a aikin tarayya mu za a bari a baya, makarantunmu ba ɗaya ba ne da na kudu. Ai dalilin da ya sa aka sa raba daidai a sashe na 14(3) na tsarin mulkin 1999 ke nan.

Tsohon_akawu:
Ɗiyata ba kason ne matsala ba. A ba Sakkwato kasonta, amma a tara yaran ƙananan hukumomi 23 su zauna jarabawa, wanda ya ci shi tafi. Yanzu kason namu wa ke cinye shi? 'Ya'yan manya, ɗan talakan Gudu ko Isa ko labarin an buɗe ɗaukar aikin bai ji ba.

Malam_B:
Ni tambayata wa zai yi makin? In masu raba silot ne za su duba takardun to an gudu ba a tsira ba. A yi ta kwamfuta irin ta JAMB, kowa ya ga makinsa, a manna sunaye a fili. Kuma a yi tun a bakin ƙofa, ba sai mutum ya tara iyali ba, ku tuna Kaduna a 2017 da aka gwada malaman firamare sama da dubu 21 suka faɗi, rigimar da aka sha kafin a sallame su ba kaɗan ba ce.

Na_Mabera:
Na gode. Ƙanen nawa dai yanzu yana koyarwa a wata firabet kafin Allah ya kawo, wanda ya ji an buɗe fotal ɗin ɗaukar aiki don Allah ya sanar da mu nan.