Wane suna za mu ba abin da ke riƙe ƙwayoyin gado?

Jama'a, ina neman taimakonku a kan kalma ɗaya. Wata ƙanwata a nan Sakkwato ce ta sa ni wannan nema. 'Yarta shekara biyu ke nan da haihuwa. Da dare in hasken cocila ya faɗa a idonta na hagu, sai baƙin idon ya yi fari fat, yana ƙyalli kamar na kyanwa. Likita ya ce sankarar ido ce, wadda galibi ke kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. Da muka fito ta riƙe mini hannun riga ta ce, "Yaya, mi yak kawo ma ɗiyata wanga ciwo?" Na san amsar da Turanci, amma bakina ya kasa kawo ta da Hausa.

Abin da nake nema shi ne Hausar "gene regulation", wato yadda jiki ke ƙara wa "gene" aiki ko ya rage mata.

Ita "gene" ɗin mun saba ce mata ƙwayar gado, kuma na bi wannan. Ban yarda da "ƙwayar halitta" a nan ba, domin da ita muke kiran ƙananan tubalan da aka gina jiki da su, sai mai sauraro ya rikice. Kusan kowane tubali yana ɗauke da wasu 'yan zaruruwa 46 da ake ce wa "chromosome", rabi daga uwa rabi daga uba, a kansu akwai ƙwayoyin gado wajen 20,000. Na ido da na hanta abu ɗaya suka ɗauko. Abin da ya bambanta su shi ne wace ƙwaya aka bari ta yi aiki, wace aka tsayar, kuma har zuwa yaushe.

Wani abokina malamin makaranta ya ce mu ce "kunnawa da kashewa", irin na wutar lantarki. Ya kusa, amma bai kai ba. Ƙwan lantarki ko dai ya kama ko ya mutu. Ita kuwa ƙwayar gado ana ƙara mata aiki ana ragewa, kaɗan-kaɗan.

Shi ya sa na fi son "ragamar gado". Duk wanda ya taɓa kallon hawan sallah a ƙofar fadar Sarkin Musulmi ya ga yadda mai jan doki ke yi: ya ja, ya sassauta, ya sake ja, hannunsa ba ya hutawa. Kuma ko wanda bai taɓa hawa doki ba ya san ma'anar riƙe ragama.

Sankarar idon nan kanta ta ba ni ƙarfin gwiwa. Akwai ƙwaya mai suna RB1 a kan zare na 13, aikinta hana tubali rabuwa barkatai. Wannan ai dabaibayi ne, don haka na kira irinta "ƙwayar dabaibayi". Kowa yana da guda biyu. A 1971 Alfred Knudson, wani likita a Amurka, ya nuna cewa sai an samu ɓarna sau biyu kafin ciwon ya tashi, a 1986 kuma aka gano ƙwayar kanta. In ɗaya ta tsinke, ɗayar na riƙe. In duka sun tafi, doki ya ƙwace.

Inda hankalina bai kwanta ba shi ne kalmar "gado". Da surukai sun ji ta, sai a fara duba dangin uwa. Alhali a mafi yawan yaran nan ɓarnar a cikin idon yaron ta faru, ba uwa ba uba da suka ba shi. Ina tsoron kalmar da za ta bayyana ciwo ta kuma ɗora wa mace laifi a ɗakin mijinta. Da na yi wa ƙanwata bayani jiya da yamma, dabaibayi ta gane nan take, har ta gyaɗa kai. Da na ce "gado" sai ta sunkuyar da kai ta yi shiru.

To malaman Hausa na jami'ar Ɗanfodiyo, da ma'aikatan jinya masu yi wa iyaye bayani kullum, me kuke sawa a madadin "gado" in kuna magana da uwar yaro?