Gidajen Turawa a Guangzhou, gaskiya ne ko haɗin hoto?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah waɗanda sunka saba zuwa Sin ina da tambaya. Wata mai kamawa in Allah ya yarda zan bi maigidana Guangzhou sarin kayan sola, wannan ne fitata ta farko, kuma ya ce akwai kwana biyu da za mu zauna ba aiki muna jiran a loda kwantena. To wani abokina ya turo min hotunan wata unguwa, gidaje masu ginshiƙai da baranda da coci kamar Ingila, wai cikin Guangzhou ne. Ni dai ban yarda ba. Mi ya kai ginin Turawa ƙasar Sin? In gaskiya ne ya sunan wurin, kuma ana biyan kuɗin shiga? A unguwar Xiaobei za mu sauka.

Alhajin Tsohuwar Kasuwa:
Wa alaikumus salam. Yaro abokinka bai yi maka ƙarya ba, sunan wurin Shamian, ɗan tsibiri ne bakin kogin da ya ratsa garin. Na shekara ina zuwa Guangzhou ban san da shi ba, mu daga otal sai kasuwa sai wurin masu kago, sai da wani tafinta ya ja ni. Ba a biyan ko kwabo, unguwa ce a buɗe. Daga Xiaobei ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa layi na 5, tasha biyu ka sauka Ouzhuang, ka canza layi na 6 har Huangsha, in ka fito ka haye gada ke nan. Wurin bai da girma, tsawonshi wajen mita 900 faɗi wajen 300, amma gidajen sun haura 150, ga manyan itatuwa da sunka wuce shekara ɗari sun yi rumfa bisa titi, sanyin inuwar kawai ya isa, musamman ga mu da munka san zafin Sakkwato. Za ka iske amare da angwaye ko'ina ana ɗaukar hoto, kada ka yi mamaki. Shawara ɗaya, kada ka shiga shan shayi ko kofi a can, kuɗin kofi guda ya sai maka abincin rana a Xiaobei. Ka riƙe ruwanka a jaka. Kuma ka sa Alipay ko WeChat, manhajojin biyan kuɗi na can, a wayarka tun daga gida.

Malam na Gawon Nama:
Alhaji ya gama maganar hanya, bari in taɓa tambayarka ta mi ya kai su can, don ita ce mai daɗin. Ba baƙunci ya kai su ba, yaƙi ne. Turawan Ingila na shigo da ofiyom, wata muguwar ƙwaya, suna saida wa mutanen Sin, da sarkinsu ya hana sai anka gwabza daga 1839 zuwa 1842, anka sake wani daga 1856 zuwa 1860, duk biyun Sin ta sha kashi. Cikin na biyun ne, a 1859, Ingila da Faransa sunka karɓe wannan tudun yashi, sunka haƙa magudanar ruwa ta raba shi da gari sunka mai da shi tsibiri, Ingila ta ɗauki kaso mai tsoka Faransa ta ɗauki saura. Gada biyu kacal ke shiga, kuma da dare rufe su akai. Ka ji fa, mutum cikin garin ubanshi ana rufe mai ƙofa. Bankuna da ofisoshin jakadanci da gidajen manyan 'yan kasuwa duk nan sunka taru. Cocin Ingilishi na 1865 na nan, na Faransawa na 1892 ma na nan. In ka tsaya bakin magudanar ka tuna a ranar 23 ga Yuni 1925 sojojin da ke tsibirin sun buɗe wa masu zanga-zanga wuta a tsallake, mutum fiye da hamsin sunka mutu.
Ni abin da ya tsaya min a rai, su waɗannan Turawan ne dai bayan shekara arba'in da 'yan kai sunka iso mana Giginya, nan Sakkwato, a Maris 1903. Su can sun bar gidajen waɗanda sunka wulaƙanta su tsaye, kowane gida da ɗan allo a bango an rubuta shekararshi da abin da yake da. Mu kuwa ganuwar da kakanninmu sunka gina, sai dai sunan ƙofofi, Ƙofar Rini, Ƙofar Marke, Ƙofar Taramniya, ka tambayi yaro ina ganuwar ta bi ya tsaya yana kallonka.

Hajiya Runjin Sambo:
Malam a yi mana adalci dai, nasu dutse ne da bulo, tamu ƙasa ce, damina biyu in ba a yi yaɓe ba shi ke nan. Amma ban musa maka ba akwai sakaci.
Ƙanena, ni na je da 'yata lokacin da munka je sarin labule da kayan ɗaki. Wuri ne mai kyau amma awa biyu ta ishe ka, gidaje ne kake kallo daga waje, in ba hoto kake so ba za ka gaji. Kuma in ka taɓa ganin na Shanghai wanda suke ce ma Bund, wannan ƙaramin alhaki ne, can gine-gine 52 ne jere bakin kogi har da gidan kwastan mai ƙaton agogo, da dare in an kunna fitilu sai ka riƙe baki. Amma da nisa, kada ka ɓata kuɗinka a tafiyar farko. Ka je Shamian da safe ranar aiki, Asabar da Lahadi mutane ne kamar ranar sallah. Abinci kuwa ka nemi shagon taliyar Lanzhou mai koren allo, Musulmi ne, sai dai ban ga ko ɗaya cikin tsibirin ba.

Malam na Gawon Nama:
Hajiya na karɓi gyara. Ƙari ɗaya, daga Huangsha tasha ukku ce a layi na 1 zuwa Ximenkou, kusa da masallacin Huaisheng mai tsohuwar hasumiya, wanda ya girmi gidajen Turawan nan nesa ba kusa ba. Mutanen can na cewa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya kafa shi, har akwai kabarin da suke jingina mai a wani masallaci kusa da lambun Yuexiu, amma malamanmu na tarihi sun ce a Baƙi'a ta Madina anka rufe shi. Ka yi sallarka dai ka ga wuri.

Ɗan Mabera:
Kai na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ashe abokina zan ba haƙuri. Na nuna wa maigida ya ce shi tsohon gidan Bature bai dame shi ba amma masallacin zai je, don haka Shamian ni kaɗai ke nan. Alhaji don Allah wannan Ouzhuang ɗin an rubuta shi da boko a tashar ko duk rubutunsu ne? Kada in wuce.

Alhajin Tsohuwar Kasuwa:
Da boko a ƙarƙashin nasu, kuma ana faɗa da Turanci a lasifika. Ka dai ɗauki katin otal ɗinku ka sa aljihu.