Abin da jama'a suka ce kan saka giyar hannu a tsohuwar Mustang

Na ɗan tattaro bayanan da aka yi kan cire giyabos ɗin atomatik mai suna C4 a motar Ford Mustang ta 1965 zuwa 1968 a mayar da ita manuwal.

1. Kusan kowa ya yarda giyabos kaɗai ba ya isa, sai an nemi fedar kuloci, kulocin kansa, fulawil (faifan ƙarfe na bayan inji wanda kuloci ke kamawa), da ƙarfen da ke riƙe giyabos ta ƙasa, sannan farfela, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa tayoyin baya, sai an sake auna tsawonta.

2. Fulawil ɗin nan an ja kunne sosai a kai. Injinan Ford samfurin 289 da 302 na da, balas ɗinsu (nauyin da ke jikin fulawil don daidaita juyin inji) oza 28 ne, na shekarun 1980 kuma oza 50, ka haɗa ba daidai ba mota ta riƙa karkarwa har ta ci injin.

3. Inda aka rabu shi ne wane samfurin giyabos za a saka. Wasu na kan T5 mai giya 5 don arha kuma giyar ƙarshe tana sauke ƙarar inji a babban titi, amma in an ƙara wa inji ƙarfi ba ta jurewa, sai dai TKX, ita kuma tsada kamar me. Masu son mota ta zauna yadda Ford ta ƙera ta sun nace kan Toploader mai giya 4. Ni dai in hawa za a yi kullum T5 ta wadatar.

4. Giyabos ɗin T56 mai giya 6 yawanci sai an yanka ƙasan mota kafin ya shiga, da yawa sun ce a'a.

5. Kuloci na waya ko na mai, nan ma ba a daidaita ba.