Musayar Waƙa a Kan Ciwo, Daga Damagaram

Ɗan Birni:
'Yan'uwa, jiya na kai wa wani tsoho abinci a Kara-kara, unguwar da aka tsugunar da kutare tun da daɗewa. Kuturta ta kashe masa jijiyoyin hannu. Abin da na gani ya hana ni barci. Amsa-amonmu "wo".

Hannunsa kan garwashi, yana ta ba ni labari,
Ƙauri ya sanar da mu, shi ko babu ciwo.
Ashe zafi mai gadi ne a ƙofar jiki,
Ƙaya na taɓa ka, labari yakan kawo.
Wanda ya rasa shi, yatsu ke tafiya,
Ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya dawo.

Malam na Zango:
Madalla ɗana, sai dai ka tsaya a fata,
Matso mu leƙa ciki, ga abin da na jiwo.
Buhari da Muslim sun ce ko ƙaya ce
Ta soki mumini, kankarar zunubi ta jawo.

Uwar Biyu, Garin Malam:
Allah gafarta Malam, ban ja da hadisi ba. Amma ɗiyata shekararta 6, amosanin jini gare ta.

Wane zunubi ta yi, ko sallah ba ta hau ta ba?
Alƙalami a ɗage, ga ta kwance da ciwo.
Yaya Ɗan Birni, mai gadinka me yake tsaro?
Ni da ubanta muka ba ta, ba ita ta sawo.
Hunturu na sauka ƙashi ya kama sara,
Ina gasa ƙafa da tsumma, dare ya yi tsawo.
Tana cizon zanena don kar ƙanenta ya farka,
Wannan kunyar ban san inda ta jiwo.
Masu dubiya su ce haƙuri, su kaɗe riga,
Takardar magani ta cinye kuɗin tuwo.

Mai Amalanke:
Inna, kin sa na dubi bayan jakina,
Gyambo ƙarƙashin igiya, ruwa yake jawo.
Ba lada, ba zunubi, amma yana nishi,
Yau na kwance shi, na kai shi kiwo.

Malam na Zango:
Ɗiyata, na yi gaggawa, ki yafe mini. Dubi Suratul Anbiya, aya ta 83.

Annabi Ayuba ya ce cuta ta shafe shi,
Kukan bai rage shi ba, rahama ya jawo.
Hadisin ƙaya sanda ce ta mai jinya,
Ban so lafiyayye ya dogara ya tafi yawo.
Bar ta ta yi kuka, ki faɗa mata na ce,
Gobe bayan azahar, da takardar ki yiwo.

Uwar Biyu:
Na gode Malam. Yanzu ta buɗe ido,
Kunu take so, bari in je in sawo.